Yoyo Na Goma Sha Ɗaya

Hajiya Turai ta ce lissafi ya ƙi fita:
dizal na tafiya kamar ana shayar da rairayi,
na'urar sanyi na gurnani dare da rana,
amma a falon sama
gumi ake sharcewa bayan la'asar.

Na ce, Hajiya, iska ba ta ɓata.
Inda ta ga ƙofa, nan take bi.

Muka kafa tsani, ni da Sallau,
muka bi bakin kowane bututu a gidan nan na Gwarimpa,
sha huɗu na ƙirga,
muka liƙe su da leda da salatif.
Na ɗaura fanka a na ƙarshe, na kunna.
Allurar ma'auni ta miƙe,
ta ɗan yi rawa,
ta sauko kamar wadda aka kama da ƙarya.
Sallau ya ce, Oga, wannan ai rariya ce.

Cikin silin, watan Maris,
ƙarƙashin kwano, ƙarfe biyu na rana.
Wanda bai shiga ba
kada ya ba ni labarin zafi.
Rarrafe nake bisa katako,
tocila a baki,
hayaƙi a hannu, siriri kamar zaren ɗinki.
Shi ne mai tsegumina,
ba ya karɓar na goro.
Inda iska ke sulalewa sai ya karkata ya nuna.

Ga gaɓar da gam ya bushe ya saki.
Ga inda kafinta ya taka, ya yi gum da bakinsa.
Ga haƙorin ɓera.
Ga wata tsaka ta yi ɓulɓul,
shekara uku tana shan sanyin Hajiya a ɓagas,
ta dube ni kamar ni ne baƙon.
Ina ja da alli: bakwai, takwas, tara,
goma.

Na sha ɗaya yana can ƙurya,
bayan tankin ruwa, inda rufi ya rusuna.
Wannan ba aikin ɓera ba ne.
Ɓera ba ya yanka a miƙe.
Reza ce, tsawon ɗan yatsa,
an cusa guntun tiyo,
an naɗe shi da tsumman atamfa,
an zura ta wata 'yar kafa a silin.

Na kara ido a kafar.

Ɗakin guga. Babu taga.
Wani dattijo, Baba Ɗanliti na ji ana kiransa,
singileti ta manne masa a gadon baya,
shadda tuli a gabansa, dutsen guga na huci.
In ya gama hannun riga ɗaya
sai ya ɗaga fuska ga bakin tiyo,
ya lumshe ido.
Yau babu sanyi, mun kashe tun safe,
iskar fankata ce kawai, mai ɗumi,
amma bai fasa ɗaga fuskar ba.

Ni ma ɗakina a Mararraba kwano ne.
Na san farashin ɗan yatsa ɗaya na sanyi.

Na jima a nan, gumi na ɗiga kan katako.
Toshewa aka kira ni in yi.
Kuɗin toshewa na karɓa.

Na toshe goma.
Muka sake kunna fanka,
allura ta hau ta tsaya cak,
sai wata 'yar karkarwa da ni kaɗai na gani.

Na sauko baƙi ƙirin, na ce, Hajiya, saura guda.
Amma ba yoyo ba ne,
baki ne da mai zanen gida ya manta ya buɗe.
In kin yarda, gobe in zo da murfi
in yi masa aure da babban bututu, a fili.

Ta ajiye waya.
Ta ce, wane ɗaki?
Na faɗa.
Ta yi shiru har Sallau ya gama naɗe leda.

Can ta ce,
ashe gidan nan akwai ɗakin da babu taga?